Yadda Ake Girka Linux a Sabuwar Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Mutum Ya Harhaɗa da Hannunsa

Akwai wani nau'in kwamfutar tafi-da-gidanka da ake sayarwa ba a ƙarasa haɗa ta ba, ta yadda mai saye ne zai zaɓi ƙwaƙwalwarta (RAM) da ma'ajiyarta (SSD), ya saka su da hannunsa, sannan ya ɗora mata babbar manhajar da ransa yake so. Misalin da ya fi shahara shi ne Framework Laptop 13 samfurin DIY Edition, wadda kamfanin Framework na birnin San Francisco a Amurka ya fara fitarwa a shekarar 2021, kuma a kanta aka gina wannan bayani, tare da Fedora Linux a matsayin manhajar da za a girka. Duk da haka, mafi yawan abin da za a faɗa ya shafi kowace sabuwar kwamfuta da ta zo fanko, har da irin waɗanda ƙananan kamfanoni ke harhaɗawa a kan gangar jikin da kamfanin Clevo ke ƙerawa, su sayar da su ba tare da Windows ba.

Babbar matsalar sabuwar kwamfuta wajen karɓar Linux ita ce sabuntar tata. A Windows, mutum ya saba da neman direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da kayan cikin na'ura, ɗaya bayan ɗaya daga shafin kamfanin da ya ƙera su. A Linux kuwa, kusan dukkan direbobin suna zuwa ne a cikin kanel, wato zuciyar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991, wadda ita ce ke magana kai tsaye da injin sarrafawa da katin Wi-Fi da na sauti da na hoto. Saboda haka idan kanel ɗin ya girmi kayan cikin kwamfutar, ba zai gane su ba, kamar makanikin da aka kawo wa motar da ba a ƙera irinta ba a zamanin da ya koyi aiki. Yawancin koke-koken da ake ji cewa Linux ya ƙi kama Wi-Fi, ko allo ya yi baƙi, ko kwamfuta ta ƙi farkawa daga barci, tushensu ke nan: an ɗora tsohon kanel a kan sabon inji.

Wannan ne dalilin da ya sa zaɓen nau'in Linux ya kamata ya bi shekarun kwamfutar, ba shaharar suna ba. Debian 12, wadda ta fito a watan Yuni na 2023, ta zo da kanel 6.1 kuma a kansa take zaune, abin da ya dace ƙwarai da tsohuwar kwamfuta ko sabar da ba a so a taɓa, amma bai dace da injin da ya fito bayanta ba. Ubuntu 24.04, wadda ta fito a watan Afrilu na 2024 da kanel 6.8, tana da tallafin shekara biyar, kuma takan sabunta kanel a fitowar gyare-gyarenta na gaba. Fedora, wadda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinta, tana fitowa kusan duk bayan wata shida, kuma tana sabunta kanel a kai a kai tsakanin fitowa da fitowa. Kamfanin Framework da kansa yana tallafa wa Fedora da Ubuntu a hukumance, yana kuma wallafa jagorar kowane samfuri. A ganina, ga kwamfutar da injinta bai shekara da fitowa ba, Fedora ce ta fi sauƙin rai. Farashin wannan zaɓi shi ne kowace fitowar Fedora tana samun tallafi na kimanin wata goma sha uku ne kawai, don haka dole mutum ya yarda zai riƙa haurawa zuwa sabuwar fitowa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Haɗa na'urar

Kafin a yi maganar manhaja, sai an tabbatar kayan da aka saya sun dace da allon cikin kwamfutar. Samfuran Framework 13 masu injin Intel na ƙarni na 11 zuwa na 13 suna amfani da ƙwaƙwalwar DDR4, masu injin AMD Ryzen 7040 da waɗanda suka biyo baya kuwa DDR5 suke karɓa, kuma ba a iya cusa ɗaya a ramin ɗaya domin tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba. Ma'ajiyar da ake buƙata ita ce SSD nau'in NVMe mai girman M.2 2280. Wanda zai sayi waɗannan kaya a kasuwa, ba daga kamfanin ba, ya kamata ya karanta rubutun jikin kayan da idonsa, domin akwai SSD mai siffar M.2 da ke aiki da tsarin SATA, wadda a ido take kama da wadda ake nema amma kwamfutar ba za ta gan ta ba.

Aikin haɗawar kansa ba shi da yawa. Ana cire caja, a kwance sukurori biyar da ke ƙasan kwamfutar da sukundireban da ya zo a cikin kwali, kuma sukurorin ba sa fita gaba ɗaya, suna maƙale a jikin murfin don kada su ɓata. Ana saka ƙwaƙwalwa a karkace cikin raminta har haƙoran zinaren su kusa ɓacewa, sannan a danna ta ƙasa a hankali har ƙarafunan gefe biyu su kama ta da ɗan ƙara. Idan guda ɗaya ce, ana saka ta a ramin da aka rubuta wa Channel 0, amma guda biyu masu girma ɗaya sun fi, musamman da yake katin hoton waɗannan injina daga ƙwaƙwalwar yake ɗibar rabonsa. SSD ma a karkace take shiga, a kwantar da ita, a ɗaure da sukuru guda. Abin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne siririyar wayar da ke haɗa murfin madannai da babban allon ciki, wadda ake daidaitawa a kan mazauninta sannan a danna da yatsa, ba da ƙarfi ba. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa kuma jikin mutum ke tara wutar da kan yi tartsatsi idan ya taɓa ƙarfe, yana da kyau a taɓa wani babban ƙarfe kafin a ɗauki ƙwaƙwalwa, a kuma riƙe ta ta gefe.

Kunnawar farko takan tsorata wanda bai sani ba. Kwamfuta mai DDR5 tana ɗaukar lokaci tana auna sabuwar ƙwaƙwalwar da aka saka mata, kuma a wannan lokaci allon yana nan baƙi ƙirin, wani lokaci har fiye da minti ɗaya, ya danganta da yawan ƙwaƙwalwar. Kada a kashe ta, a bar ta ta gama. Idan aka jima sosai babu motsi, kuma ƙaramar fitilar gefe ta fara ƙiftawa da launuka daban-daban, to alama ce take bayarwa, kuma mafi yawan lokuta ƙwaƙwalwar ce ba ta zauna daidai ba, sai a cire ta a sake sakawa. Idan komai ya tafi daidai, za a ga saƙon cewa babu manhajar da za a tashi da ita, wanda shi ne abin da ake jira tunda ma'ajiyar fanko ce.

Shirya filashin girkawa

Ana buƙatar wata kwamfutar daban da filashi mai aƙalla gigabayit 8, kuma duk abin da ke cikin filashin zai goge. Fayil ɗin Fedora Workstation ya haura gigabayit 2, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa gigabayit 6, bambancin da mai sayen data da kuɗinsa zai so ya sani tun da wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke ƙaramar manhajar Fedora Media Writer daga shafin fedoraproject.org, wadda ke aiki a Windows da macOS da Linux, domin ita ce za ta sauko da fayil ɗin, ta tantance shi, ta kuma rubuta shi a filashin. Wanda ya riga ya samu wannan fayil ɗin girkawa, da ake kira ISO, daga wurin wani zai iya rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher ko Ventoy, amma wajibi ne ya fara tantance shi. Kowane fayil yana da doguwar lambar SHA-256 da aka wallafa a shafin Fedora, kuma a Windows ana fitar da lambar fayil ɗin da ke hannu ta rubuta Get-FileHash tare da sunan fayil ɗin a cikin PowerShell. Idan lambobin biyu suka saɓa ko da a harafi ɗaya, fayil ɗin ya lalace a hanya ko an taɓa shi, kuma girka shi ɓata lokaci ne. Inda intanet ke yawan yankewa, wannan tantancewa ba ƙawa ba ce, domin fayil ɗin da ya sauko da rauni yakan tashi lafiya, sai an yi nisa da girkawa ya tsaya.

Bayan haka sai a saka filashin a sabuwar kwamfutar, a kunna ta, a riƙa danna F12 don fito da jerin wuraren da za a iya tashi daga gare su. Maɓallin F2 shi ke kai mutum cikin saitin BIOS, manhajar da ke jikin allon kwamfutar wadda ke fara tayar da ita, kuma a can akwai abu guda da mutane ke saurin kashewa ba tare da dalili ba, wato Secure Boot, tsaron da ke hana tashi da manhajar da ba ta da amintaccen sa hannu. Fedora da Ubuntu duka suna tashi da shi a kunne, saboda ƙaramar manhajar da ke fara tayar da su tana ɗauke da sa hannun Microsoft da kwamfutoci suka riga suka amince da shi. A bar shi yadda yake. Wurin da ake buƙatar kashe shi na ɗan lokaci shi ne idan za a gwada lafiyar ƙwaƙwalwa da Memtest86+, gwajin da nake ganin ya cancanci a yi wa duk ƙwaƙwalwar da aka saya a wajen kamfani, ko da zagaye ɗaya ne, domin ƙwaƙwalwa mai lahani takan jawo tsayawar kwamfuta da lalacewar fayiloli waɗanda daga baya za a ɗora wa Linux laifinsu.

Gwaji kafin a taɓa ma'ajiya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Filashin Fedora yana tayar da cikakkiyar manhaja daga cikin ƙwaƙwalwa ba tare da ya rubuta komai a SSD ba, don haka mutum yana da damar ganin yadda kwamfutarsa za ta kasance kafin ya yanke shawara. A jerin farko da zai bayyana, a zaɓi layin da ke cewa a gwada filashin sannan a tashi, wanda zai ɗauki 'yan mintuna yana duba ko an rubuta shi daidai. Idan fuskar aikin Fedora, wadda ake kira GNOME, ta bayyana da tayin girkawa, a rufe tayin tukuna.

A fara da Wi-Fi: a haɗa da wata hanyar sadarwa, a buɗe Firefox, a kunna bidiyo, wanda a lokaci guda zai nuna ko lasifika na aiki. A saka abin sauraro na kunne a ga ko sautin ya koma can, a cire a ga ko ya dawo. A danna maɓallan ƙara haske da rage shi da na sauti. A gwada faifan taɓawa da yatsa ɗaya da biyu da uku. A buɗe kyamara, tare da tuna cewa Framework tana da ƙananan makunnai biyu a saman allo da ke yanke kyamara da makirufo daga wuta gaba ɗaya, kuma idan suna rufe babu manhajar da za ta gan su. A haɗa wani abu ta Bluetooth. Sannan a rufe murfin kwamfutar, a jira minti biyu ko uku, a buɗe, a ga ko ta farka, ko Wi-Fi ya dawo da kansa, ko faifan taɓawa bai sandare ba. Barci da farkawa su ne wurin da sabon inji ya fi nuna rashin jituwarsa da kanel, shi ya sa ya kamata a maimaita gwajin ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma umarni kaɗan da ake rubutawa a cikin Terminal, manhajar rubuta umarni, waɗanda ke faɗin gaskiyar abin da manhajar ta gani. Umarnin uname -r yana nuna lambar kanel. Umarnin free -h yana nuna yawan ƙwaƙwalwa, kuma idan an saka guda biyu masu gigabayit 16 amma aka ga kusan 16 kawai, to ɗaya ba ta zauna ba. Idan kuwa adadin ya ɗan gaza 32, wannan daidai ne, domin katin hoto ya ɗebi nasa. Umarnin lsblk zai nuna SSD da suna irin nvme0n1 tare da girmanta. Wanda ya fi su amfani shi ne lspci -k, wanda ke jera kayan cikin kwamfutar, a ƙarƙashin kowane kuma ya rubuta direban da ke tafiyar da shi. Samfuran Intel sukan zo da katin Wi-Fi na Intel AX210, na AMD 7040 kuma da RZ616 wanda MediaTek ke ƙerawa, kuma dukkansu suna da direba a cikin kanel. Idan aka ga wani kati babu direba a ƙarƙashinsa, a rubuta sunansa daidai yadda ya fito, domin da wannan suna ake neman maganin matsalar.

Idan Wi-Fi ne kaɗai ya ƙi aiki, ba dalilin fasa girkawa ba ne. Ana iya haɗa wayar Android da kebul, a kunna raba intanet ta USB a cikin saitin wayar, kwamfutar za ta ɗauke ta a matsayin layin intanet na kebul, kuma sau da yawa sabuntawar farko bayan girkawa ita ce ke kawo direban da ya rage. Amma idan allo na ƙiftawa, ko kwamfutar na tsayawa cak, ko SSD ba ta bayyana ba, gara a dakata a gwada fitowa mafi sabunta, ko wani nau'in Linux, tun ba a sa hannu a ma'ajiya ba.

Girkawa

Idan gwaji ya yi kyau, girkawar kanta ba ta da wuya. A jona caja, a buɗe manhajar girkawa, a zaɓi harshe, sannan a zaɓi SSD a ba ta dukkan wurin. Fedora za ta yanka ma'ajiyar da kanta, ta ware ƙaramin ɓangare na EFI da wani na fayilolin tashi, sauran kuma ta tsara shi da Btrfs, tsarin da ta mayar na asali tun fitowa ta 33 a shekarar 2020. Ba ta ware ɓangaren musaya (swap), wurin da ake zuba bayanai idan ƙwaƙwalwa ta cika, a kan ma'ajiya, domin tana matse bayanai a cikin ƙwaƙwalwa ne ta hanyar zram. Ga wanda wannan ne karonsa na farko, babu ribar da zai samu wajen yanka ma'ajiya da hannu.

Shawarar da ke buƙatar tunani ita ce ta kulle ma'ajiya da kalmar sirri, abin da ake yi da tsarin LUKS. Kwamfutar tafi-da-gidanka abar yawo ce, ana iya mantawa da ita a mota ko a sace ta, kuma wadda ba a kulle ba, duk wanda ya cire SSD ɗinta zai karanta abin da ke ciki ba tare da ya san kalmar shiga ba. A lokacin girkawa ne kawai wannan kulli yake da sauƙi, daga baya sai an sake komai. Sai dai wanda ya manta kalmar ya rasa bayanansa har abada, babu kamfanin da zai buɗe masa. A zaɓi jimla mai tsawo da za a iya tunawa, a rubuta ta a takarda a adana a gida. Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin gargaɗi: kada a sa haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ a cikin wannan kalma, domin ana tambayarta ne tun kafin manhajar ta gama tashi, a lokacin da tsarin madannan da aka girka da shi ne kaɗai ke aiki, kuma mutum zai iya samun kansa a gaban ƙofar da ba shi da hanyar rubuta mabuɗinta.

Wanda yake son Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ya fara girka Windows, ya rage girman ɓangarenta daga cikinta, ya adana mabuɗin BitLocker, tsarin kulle ma'ajiya na Windows, idan a kunne yake, sannan ya girka Fedora a wurin da ya rage. Zai kuma lura agogo na saɓawa tsakanin manhajojin biyu, saboda Linux na ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin UTC, Windows kuma a kan lokacin gari.

Bayan an gama, sai a cire filashin a sake kunnawa. Fedora za ta nemi a zaɓi yankin lokaci, inda Legas ke wakiltar duk Nijeriya, Yamai kuma Nijar, sannan ta tambayi ko a kunna rumbunan manhajojin waje, wanda ya kamata a amsa da e, sai kuma sunan mai amfani da kalmar shigarsa.

Ayyukan ranar farko

Abu na farko shi ne sabuntawa, domin fayil ɗin da aka girka hoton manhajar ne na ranar da ta fito, kuma tun daga ranar an yi gyare-gyare masu yawa, har da sabon kanel. A buɗe Terminal a rubuta:

sudo dnf upgrade --refresh

Wannan zai iya cin data mai yawa, wani lokaci fiye da gigabayit ɗaya, don haka a yi shi inda intanet ke da araha. Idan ya gama a sake kunna kwamfutar, a maimaita gwajin barci da Wi-Fi da sauti. Fedora tana ajiye kanel uku na baya-bayan nan, saboda haka idan wata sabuntawa ta kawo matsala, ana riƙe Shift ko a danna Esc a lokacin tashi don fito da jerin GRUB, manhajar da ke zaɓar abin da za a tashi da shi, a zaɓi kanel ɗin da ya gabata a ci gaba da aiki har a fitar da gyara. Wanda ke amfani da datar waya ya shiga saitin Wi-Fi ya kunna Metered Connection a kan wannan layi, domin manhajar ta daina sauke sabuntawa a ɓoye.

Na biyu shi ne sabunta BIOS, wanda a sabuwar kwamfuta yakan magance matsalolin caji da barci da ramukan USB. Framework tana aika sabuntawarta ta hanyar LVFS, rumbun da Linux ke ɗauko irin waɗannan sabuntawa daga cikinsa, don haka ba a buƙatar Windows:

fwupdmgr refresh

fwupdmgr get-updates

fwupdmgr update

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan da wutar lantarki. A tabbatar batir ya cika ko ya kusa cika, caja kuma tana jone, kuma idan wutar unguwa ba abar dogaro ba ce, a jira lokacin da aka tayar da janareta ko ake kan inbata. Kwamfutar za ta sake tashi da kanta, allo zai iya yin baƙi na ɗan lokaci, fanka ta yi ƙara, kuma duk wannan ba dalilin danna maɓallin kashewa ba ne. Katse wannan aiki a tsakiya yana daga cikin 'yan abubuwan da za su iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya. Bayan an gama, yana da kyau a shiga BIOS a sa iyakar caji, misali kashi 80 cikin ɗari, ga wanda kwamfutarsa ke yini a jone, domin batirin lithium da ke zama a cike cikin zafi yana saurin tsufa.

Allon Framework 13 na asali yana da ɗigo 2256 a kwance da 1504 a tsaye a kan inci 13.5, abin da ke sa rubutu ya yi ƙanana a kan kashi 100, ya kuma yi girma fiye da kima a kan kashi 200. A cikin saitin allo a nemi kashi 125 ko 150, idan kuma zaɓin bai bayyana ba, a kunna manyan haruffa a sashen sauƙaƙa amfani. Na'urar karanta zanen yatsa da ke kan maɓallin kunnawa ana saita ta ne a sashen masu amfani, kuma tana aiki wajen shiga da wajen umarnin sudo, wanda ke ba mutum ikon mai kula da kwamfuta. Game da batir, Fedora ta zo da nata tsarin sarrafa wuta mai matakai uku da ake canzawa daga kusurwar dama ta sama, kuma ɗora TLP, wata manhajar tattalin batir, a kansa, kamar yadda tsofaffin jagorori ke cewa, yakan sa manhajoji biyu su riƙa ja-in-ja a kan saiti ɗaya. A samfurin AMD 7040 ma wurin da aka saka katunan ramuka, wato ƙananan katunan USB da HDMI da ake zurawa a gefen Framework, yana da tasiri: katin USB-A a ramukan baya biyu yana ƙara shan batir, kuma ɗaya daga cikin ramukan gaba ba ya fitar da hoto, don haka katin HDMI da ya ƙi aiki a can ba laifin Linux ba ne, sai a mayar da shi baya.

Rubutun Hausa yana da sauƙin saitawa fiye da yadda ake zato. A sashen madannai, a danna alamar ƙari a nemi Hausa, za a samu tsarin Nijeriya da na Gana, kuma kusa da kowane akwai zaɓin ganin hoton madannan don a san inda ɓ da ɗ da ƙ suke. Ana iya ƙara tsarin Larabci a wuri ɗaya, na Faransanci kuma ga masu aiki da shi a Nijar da Kamaru da Cadi, sannan a riƙa sauyawa tsakaninsu da maɓallin Super, wanda aka fi sani da maɓallin Windows, tare da na tazara.

Saura maganar bidiyo. Saboda dokokin haƙƙin ƙirƙira na Amurka, Fedora ba ta zuwa da wasu manhajojin buɗe bidiyo, kuma rumbunan wajen da aka kunna a farko ba su haɗa da cikakken RPM Fusion ba, rumbun da ke ɗauke da irin waɗannan manhajoji. Hanya mai sauƙi ita ce a sauke manhajar kallon bidiyo ta VLC daga rumbun Flathub ta cikin manhajar Software, domin yana zuwa da duk abin da yake buƙata. Wanda yake son dukkan tsarin ya iya buɗe kowane bidiyo sai ya kunna RPM Fusion bisa umarnin da ke shafinsu, sannan ya rubuta:

sudo dnf swap ffmpeg-free ffmpeg --allowerasing

LibreOffice yana nan a girke kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel, ko da yake takarda mai tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan goce, shi ya sa ya fi kyau a aika wa mutane aikin da aka gama a matsayin PDF. Microsoft Office da Photoshop da CorelDRAW ba su da samfurin Linux, kuma wanda abincinsa ya dogara da ɗaya daga cikinsu, kamar masu aikin ɗab'i da zane, ya kamata ya gwada Inkscape da GIMP da ainihin fayilolin aikinsa kafin ya rabu da Windows kwata-kwata.

Daga nan sai a haɗa wata ma'ajiya ta waje, a girka Déjà Dup, manhajar kwafe bayanai, a saita shi ya riƙa kwafe babban fayil ɗin gida duk mako, kuma a adana filashin girkawar ba tare da an goge shi ba, domin da shi ake shiga kwamfutar a ceto fayiloli idan ta ƙi tashi. Idan sabuwar fitowar Fedora ta zo, sanarwa za ta bayyana a cikin manhajar Software. Ana iya jira 'yan makonni kafin a haura, ana kuma iya tsallake fitowa ɗaya a haura biyu a lokaci guda, matuƙar dai an yi kwafin bayanai kafin a fara kuma ba a bari wata goma sha ukun tallafin ya ƙare ba.